Gidaje Ɗari a Bagudo: Tudun Wa Za a Yanka?

Daga kan gadar Tuga, inda hanya ke haye kogin Kwara ta nufi Ka'oje, ana iya ganin yadda ƙasar Bagudo ta kasu gida biyu. Daga ƙasa fadama ce shimfiɗe, ta shinkafa da albasa, wadda ruwa ke shanyewa duk shekarar da kogi ya cika ya batse. Daga sama kuma tudu ne na gero da dawa da wake. A kan tudun ake kafa gari, a can maƙabarta take, can kuma Fulani ke komawa da shanu idan damina ta kankama. Duk wata magana ta sabon gini a wannan ƙaramar hukuma ta jihar Kebbi, a kan tudun nan take ƙarewa.

A 2025 Ahmed Musa Dangiwa, a matsayinsa na ministan gidaje, ya yi ta bayyana shirin gwamnatin tarayya na gina gidaje 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774 da ke Najeriya, jimilla 77,400, domin masu ƙaramin ƙarfi. A lissafi, Kebbi mai ƙananan hukumomi 21 tana da 2,100, Bagudo kuma tana da nata ɗarin. An ce za a sayar da mafi yawansu a riƙa biya kaɗan-kaɗan, a ba marasa galihu wani kaso kyauta. Ga yankin da ƙidayar 2006 ta nuna mutanensa sun haura 230,000, kuma ya yi ta ƙaruwa tun daga lokacin, gida ɗari bai taka kara ya karya ba. Sai dai filin da zai ci, da hanyar da za a fitar masa, da fulotan da za su biyo bayansa, su ne ke sa manomi ya gyara zama idan an tayar da zancen.

Buƙatar muhalli dai ba boyayya ba ce. Ruwan Kwara yana zuwa nan sau biyu. Na farko shi ne na damina, daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ƙarfi. Na biyu kuwa ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, wanda ke daɗewa a dausayin Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Na daminar ne ke rushe gida. A ambaliyar 2020 jami'an jihar sun ƙiyasta asarar kimanin hekta 450,000 ta shinkafa a faɗin Kebbi, kuma Bagudo na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Kafin nan an ga ta 2012, bayan nan aka ga ta 2022. Ginin ƙasa ba ya jure kwana da kwanaki cikin ruwa: gindin katanga ya jiƙe, ya zaizaye, ɗaki ya zauna. Iyalai su kwashe tabarmi da tukwane su koma azuzuwan firamare, ruwa na janyewa su dawo su sake kwaɓa ƙasa a daidai inda aka rushe, domin nan ne filin da suke da shi.

Ga kuma iyaka. Ta Tsamiya ake fita zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ta Lolo kuma a bi gaɓar kogi zuwa yankin Malanbil. Layin da ya raba Najeriya da Benin ya samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Faris ranar 14 ga Yuni 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu, ta bar garin Illo a hannun Ingila. Layin bai raba dangi ba. Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa suna aure da biki da ta'aziyya a tsallake, a kasuwa kuma naira da sefa suna gogayya a aljihu ɗaya. Idan iyaka na buɗe, garuruwan bakinta cika suke yi da direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci, ɗakin haya ya yi wuya, mai gona a bakin titi ya fara jin tayin da bai taɓa ji ba. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, kasuwa ta mutu, gine-gine da yawa suka tsaya a linta. Matsalar tsaro a dazuzzukan iyaka ita ma ta sa wasu mazauna tunga da ruga matsowa kusa da manyan garuruwa.

Mai gudun ruwa, da mai gudun daji, da mai neman shago, da gwamnati mai neman filin gini, duk tudu ɗaya suke kallo.

Damuwar farko ita ce diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a wajen birane, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Dokar ta yarda a karɓe fili saboda amfanin jama'a, kuma abin da take biya shi ne abin da ke kan filin: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona da bai kai ga girbi ba. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Manomin tudu da aka zo wa awo da rani, gonarsa ba komai sai kututturen gero da 'yan itatuwan ɗorawa da kaɗanya, abin da za a lissafa masa ke nan, alhali gonar ce ke cika masa rumbu kowace kaka. Yawancin gonakin nan na gado ne, ba su da takarda. Shaidarsu ita ce mai unguwa da hakimi da uban ƙasa da maƙwabtan iyaka. Gona ɗaya tana iya zama ta magada goma, cikinsu har da mata da ke aure a Benin, kuma wanda sunansa ya hau takardar biya shi ne zai sha tambaya a gida.

Makiyaya suna da tasu fargabar. Ƙasar Ka'oje ƙasar shanu ce, kuma garke na buƙatar burtalin da zai bi daga tudu zuwa mashaya. Fili mara shuka da rani yakan yi kama da wanda ba mai shi a idon mai awo da ya zo daga Birnin Kebbi, ko da kuwa hanyar dabbobi ce tun kaka da kakanni. Aka toshe burtali da bulo, shanu za su ratsa gona, daga nan sai gaban alƙali.

Damuwa ta biyu ita ce siffar gidan. Gidan mutumin karkara a nan yana da zaure inda maigida ke ganin baƙi, da tsakar gida mai katanga inda mata ke daka da girki ba idon waje, da ɗaki ga kowace mata, da rumbu, da turken tumaki, da sararin da za a ƙara wa ɗa ɗaki idan ya yi aure. Masunci na son ya kwana kusa da jirginsa da komarsa. Zanen da aka saba gani a rukunin gidajen gwamnati kuwa falo ne da ɗaki ɗaya ko biyu, rufin kwano, banɗaki a ciki mai jiran ruwan famfo. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano mara silin kamar tanda yake.

Mutanen wannan kogi sun taɓa ganin irin haka. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tayar da kimanin mutum 44,000 daga ƙasashen Bargu da Yawuri, aka gina musu sababbin garuruwa da siminti, har da Sabuwar Busa. Mai zanen, Robin Atkinson, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidajen gargajiya, duk da haka mutane sun koka da zafin rufin da wahalar gyara shi, da yawa suka ƙara ɗakunan ƙasa da jinka a gefe, wasu suka koma bakin ruwa. Sai kuma gidajen Shagari na 1979 zuwa 1983, da aka tsara 2,000 a kowace jiha duk shekara. A wurare da dama an kafa su nesa da gari, ba ruwa ba wuta, suka daɗe ba kowa. Dattawan da suka ga waɗannan biyun ba sa tambayar launin fenti. Abin da suke tambaya shi ne nisan wurin da gona, da rijiya, da masallacin Juma'a.

Ta uku ita ce biya. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, an gina shi ne a kan albashi: ana cire kashi 2.5 cikin ɗari duk wata, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba da rance da ruwan kashi 6. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, wanda mafi ƙarancin albashinsa a Kebbi ya koma naira 75,000 a 2024, zai iya shiga layi. Manomin shinkafa kuwa kuɗinsa sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, shekarar ambaliya kuma ba ya zuwa sam. Ga batun kuɗin ruwa, wanda da yawa ba za su taɓa ba saboda addini. Su gina da kansu ma ya yi tsada, tunda a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, kafin a ɗora kuɗin mota zuwa bakin iyaka.

Daga nan sai tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisa da tashar mota: wa zai rubuta sunaye? Mutanen da suka ga yadda rabon taki da kayan agaji ke tafiya suna tsoron kada gidajen su ƙare a hannun shafaffu da mai, su zuba 'yan haya, wanda ruwa ya ci gidansa yana kallo. Akwai kuma batun wane gari. Daga Bagudo zuwa Illo ko Lolo ko Tsamiya tafiya ce mai nisa, kuma gida a hedikwata ba ya amfanar wanda gonarsa ke tsallaken kogi.

Abubuwan da jama'a ke nema ba masu wuya ba ne a faɗa. A zauna da uwayen ƙasa da ardo-ardo da sarakunan ruwa kafin a kafa turakun awo. A musanya wa mai gona da wata gonar, kamar yadda dokar 1978 ta buɗe ƙofa ga ƙaramar hukuma ta yi. A bar burtali a buɗe. A rarraba ginin a gundumomi, a karanta sunaye a bainar jama'a, a daidaita biya da lokacin kaka. Wasu ma sun fi son a ba su fuloti a tudu da rijiyar burtsatse da tushen siminti mai tsayi, su ɗora nasu ginin yadda iyalinsu yake.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara sa ido a kan sakatariyar Bagudo, domin ita doka ta ɗora wa filayen karkara da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa. Akwai kuma hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun wutar lantarki, wadda Kebbi ke cikinta, kuma rage wa al'ummomin bakin kogi raɗaɗin ambaliya na cikin aikinta. Tsakanin Abuja da Birnin Kebbi da sakatariya da wannan hukuma, masu hannu a maganar sun kai huɗu, kuma kowace takardar fili sai ta bi ta gaban hakimin da ya san iyakar gonakin.