Abin da ya kamata ku sani game da Vahland, Bajamushen da ya zana Bendigo

Zinare ya kai William Vahland Ostireliya, amma ba zinare ya riƙe shi a can ba. An haife shi a 1828 a garin Nienburg na ƙasar Jamus, ya koyi aikin gini da zanensa a Holzminden. A 1854 ya sauka Melbourne, shekara 3 bayan an ga zinare a Bendigo, ya nufi wurin haƙa kamar dubban 'yan ci-rani.

Bai dace ba. Sai ya ajiye diga ya ɗauki zarto, ya riƙa ƙera wa mahaƙa akwatin katakon da suke tace ƙasa da shi: a zuba ƙasa da ruwa, a yi ta jijjigawa, laka ta tafi, zinare ya kwanta a gindi saboda nauyinsa. Daga kafinta ya koma sana'arsa ta asali, ya buɗe ofis da wani Bajamushe ɗan'uwansa, Robert Getzschmann.

Garin da ya tarar, wanda a hukumance ake kira Sandhurst har 1891, tantuna ne da rumfuna da ramuka. Mahaƙi ba ya gini, don gobe yana iya tashi. Amma da zinaren saman ƙasa ya ƙare aka koma fasa dutse a zurfi, sai aikin ya zama na kamfanoni da injuna da albashi, mutane suka kawo iyali suka zauna. Nan ne aka buƙaci Vahland. Hannunsa na cikin asibitin garin, da makarantar koyon haƙar ma'adinai, da sabunta zauren majalisar gari, da ginin da yau ake kira Capital Theatre mai dogayen ginshiƙai. Shi ya zana maɓuɓɓugar Alexandra ta 1881 a tsakiyar gari, kuma sai wanda ya san yadda Bendigo ta sha ƙarancin ruwa zai gane abin da ruwa mai tsartuwa a mararraba yake nufi ga mutanenta.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni ƙananan gidajensa ne. Ya daɗe yana jagorantar wata ƙungiyar ba da rancen gina gida, ya kuma fitar da zane mai sauƙin kuɗi: ƙofa a tsakiya, taga dama da hagu, baranda a gaba don zafin rana. Mutumin da yake wuni cikin duhun rami ya samu inda zai dawo ya zauna a inuwa, yana biyan bashinsa kaɗan-kaɗan.

Garin ya karɓe shi har ya zama kansila a majalisar gari. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 aka fara kallon Jamusawan Ostireliya da zargi, har waɗanda suka tsufa a ƙasar. Vahland ya rasu a Bendigo a 1915, bayan fiye da shekara 60 a cikinta.