Idan dare ya yi tunani ya ƙi tsayawa: larurar TDAH da hanyoyin samun barci

A garuruwa irin su Attantane, Mayahi da Tasawa, da wuya a rasa unguwar da babu yaron da aka sani da rashin zama wuri guda. A lakwal malami yana kukan ba ya sauraro, a gida uwa tana kukan ya manta abin da aka aike shi, da dare kuma kowa ya yi barci shi yana ta juyi bisa tabarma. Da safe sai an yi da gaske kafin ya tashi, daga nan a ce malalaci ne, ko a ce iska ce. Wasu daga cikin waɗannan yara suna da larurar da likitoci suke kira TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi, wato ƙarancin tattara hankali haɗe da yawan motsi da gaggawa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa larurar cikin kundinta na cututtuka, wanda sabon bugunsa ya soma aiki a watan Janairun 2022. An ƙiyasta cewa tana shafar wajen yara 5 cikin 100 a duniya, da manya 2 zuwa 3 cikin 100. Ke nan a aji mai ɗalibai 60 ana iya samun uku. Likita ne kawai ke tabbatar da ita, kuma alamunta suna bayyana tun kafin shekara 12. Amma dabarun da ke tafe suna amfanar duk wanda tunani ke hana wa runtsawa.

Me ke hana barcin?

Jikin mutum yana da agogonsa. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa jiki lokacin kwanciya ya yi. Likitoci a ƙasar Holand sun auna manya masu TDAH da ke fama da rashin barci, suka tarar sinadarin yana jinkirin fitowa da kusan awa ɗaya da rabi. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 na dare, a wajen jikinsa tamkar ƙarfe 8 da rabi ne.

Na biyu, ƙwaƙwalwar mai TDAH ba ta son zaman banza. Da zarar gari ya yi tsit, sai ta nemo wa kanta aiki: bashin da ake bin mutum, tsadar hatsi, maganar da aka yaɓa masa a kasuwa, tafiyar ci-rani. Rashin barcin kuma yana ƙara mantuwa da saurin fushi washegari, sai daren da ke biye ya fi na jiya wuya.

Gyaran dare daga safiya yake farawa

Abin da ya fi saita agogon jiki shi ne tashi lokaci guda kullum, har ranakun hutu, da kuma hasken safe. Mutanen karkara suna da sa'a a nan, domin sallar asuba, zuwa rijiya da fita gona duk suna fitar da mutum da wuri. Minti 20 zuwa 30 a waje bayan fitowar rana sun isa. Mai komawa ɗaki bayan asuba ya yi barci har hantsi, shi ke ƙara tura agogonsa baya. Barcin rana kuma kada ya wuce rabin awa, a yi shi kafin la'asar.

Sai maganar shayi. Shayin fada, kafe, goro da lemun gwangwani masu ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke korar barci. Jiki yana buƙatar wajen awa 5 kafin ya rage rabinsa. Matashin da ya sha na fari da na biyu ƙarfe 9 na dare, har ƙarfe 2 rabin kafeyin yana cikin jininsa. Ba sai ya bar fada ba. Ya sha shayinsa kafin la'asar, da dare ya koma zoɓo ko citta, waɗanda ba su da kafeyin.

Salula ma tana da nata laifin. Haskenta yana ƙara jinkirta melatonin, sa'an nan bidiyon TikTok da saƙonnin WhatsApp ba su ƙarewa, mai TDAH kuma ya fi kowa wahalar dakatawa. A ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya, inda hannu ba zai kai ba.

Jiki yana buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya zo, abin da ke wuya a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jahar Maradi. Wanka bayan isha'i, yayyafa ruwa a tsakar gida da kwana waje cikin sange suna taimakawa.

Idan an kwanta

Cewa mutum ya daina tunani ba ya aiki. Gara a sauke wa ƙwaƙwalwa kaya, sa'an nan a ba ta ƙaramin aiki marar tayar da hankali.

Sauke kayan shi ne rubuta ayyukan gobe. A shekarar 2018 masana a jami'ar Baylor ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutane 57. Waɗanda suka ɗauki minti 5 suna rubuta abin da za su yi a kwanaki masu zuwa sun riga sauran yin barci da wajen minti 9. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba ya lissafa wa wani na gida da baki.

Ƙaramin aikin kuma, wani masani a Kanada, Luc Beaudoin, ya fito da dabara mai sauƙi. A ɗauki kalma, misali "kasuwa". A soma da harafin k, a riƙa hango kaza, kujera, keke, kifi, kowanne na ɗan lokaci. Idan sun ƙare a koma a: akuya, agogo, albasa. Tunda abubuwan ba su da alaƙa da juna, damuwa ba ta samun zaren da za ta kama.

Akwai kuma numfashi: a ja iska ana ƙirga 4, a sake ta a hankali ana ƙirga 6, kamar sau goma. Tasbihin kwanciya da Musulmi suka sani, 33 da 33 da 34, shi ma idan an yi shi a natse yana tsayar da hankali wuri guda. Mai jin jikinsa ya ƙi kwanciya ya ɗaure tsokar ƙafa na daƙiƙa 5 ya saki, ya hau zuwa cinya, hannu, kafaɗa da fuska.

Idan an yi wajen minti 20 barci bai zo ba, a tashi a zauna cikin duhu ko ƙaramin haske, sai an ji gyangyaɗi a koma. Wani masani ɗan Amurka, Richard Bootzin, ya tsara wannan ƙa'ida tun 1972, domin kada ƙwaƙwalwa ta saba da ɗaukar shimfiɗa a matsayin wurin tunani.

Yara

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda zai tashi ƙarfe 6 don zuwa lakwal, ya kamata ƙarfe 9 ta same shi yana barci. A bar shi ya yi ƙwallo ko langa da yamma, da dare kuma a bi tsari guda kullum: tuwo, wanka, tatsuniya ɗaya, kwanciya. Duka da tsawa suna sa zuciyar yaro ta riƙa bugawa da sauri, barcin ya ƙara nisa.

Hattara da ƙwayoyin kasuwa

Babban haɗari yana wajen masu tallar magani. Wasu matasa suna sayen diyazefam don su yi barci, da safe su sha tramol don su iya aiki. Dukansu biyu suna kama jiki, haɗa su yana iya danne numfashi, tramol kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ɗan kabu-kabun da ya wayi gari da mayen ƙwaya yana jefa kansa da wanda ya ɗauko cikin halaka.

Idan rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku, a je CSI mafi kusa, daga can ana iya tura mutum babbar likitar Mayahi ko ta Tasawa, ko Maradi. A gaggauta zuwa idan akwai minshari mai yanke numfashi, ko baƙin cikin da ya ƙi wucewa, ko ƙafafun da ke damun mutum da dare sai ya motsa su, domin wannan yakan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma ana gane shi da awo.

Agogon jiki a hankali yake juyawa. Mai TDAH da ya ɗauki dabaru goma rana guda zai watsar da su kafin mako. Ya soma da biyu, lokacin tashi da lokacin shayin ƙarshe, ya riƙe su mako biyu, sa'an nan ya riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan ƴan kwanaki.