Ali Nuhu: Furodusan da ya ga mutuwar kasuwar faifai, yau yana riƙe da hukumar fim ta ƙasa

A Gwadangaji da sauran unguwannin Birnin Kebbi, mai son fim ɗin Hausa ya daina neman faifai. Wayarsa yake miƙa wa mai tura fina-finai a bakin titi, ya biya 'yan canji, a cika masa ita. Ko kobo daga wannan ciniki ba ya komawa aljihun wanda ya kashe kuɗi aka shirya fim ɗin. Kasuwar da Ali Nuhu ya tarar ke nan lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, NFC, a watan Janairun 2024.

An fi saninsa da Sarkin Kannywood, amma tarihinsa na mai zuba jari ya fi dacewa da wannan kujera. An haife shi a Maiduguri a 1974, ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya fara fitowa a fim a 1999. Bai tsaya a gaban kyamara ba, ya kafa kamfanin FKD, wanda ya fitar da fina-finai irin su Mujadala.

A wancan zamani wuƙa da nama suna hannun 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai a Kano. Furodusa zai kai musu fim, su rarraba kaset, daga baya faifan CD, zuwa Sakkwato, Kebbi har Nijar. Ana yawan rigima kan lissafi, amma dai kuɗi na dawowa. Satar fasaha da wayar hannu suka rusa wannan tsari, furodusoshi da dama suka karye.

Ali Nuhu ya canza hanya. A 2017 ya fito da Mansoor, ya ɗora nauyin fim ɗin a kan sababbin fuskoki, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, aka haska shi a sinima a Kano. Kasada ce, domin da fim ɗin ya faɗi, asarar tasa ce. Sai dai sinimar zamani 'yar ƙalilan ce a Arewa, don haka FKD ma ya bi sahun masu dogon zango a YouTube da shirin Alaƙa. A can ma kuɗin talla ne, kuma wanda aka tura wa shirin a waya ba ya cikin lissafi.

Ikon sabon ofishin nasa kuma yana da iyaka. NFC, wadda aka kafa a 1979 mai hedikwata a Jos, ita ke kula da makarantar koyon fim ta ƙasa da bikin fina-finai na Zuma. Tace fim aikin wata hukuma ce daban, kama ɓarayin fasaha kuma na hukumar kare haƙƙin mallaka ne. Ko aikin gwamnati ma ba ya da tabbas: a 2016 an janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano bayan malamai sun yi masa ca.

Abin da ke hannunsa shi ne horarwa, jawo masu jari, da kunnen gwamnati. Furodusoshin Kano kuwa abin da suke jira bai wuce hanyar da 'yan canjin mai kallo na Gwadangaji ko Argungu za su riƙa isowa gare su ba.