Zaman Aji a Makarantun Firamare na Mishan Katolika a Ƙasar Katsina

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama ta Jibiya da sassafe, inda hanyar Katsina take ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, zai ga yara rataye da jakunkunansu suna haramar makaranta. Wannan bakin iyaka, wanda Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ya raba yaran da harshensu ɗaya ne gida biyu: na kudu suna tafiya makarantar boko su koyi Ingilishi, na arewa suna tafiya lakwal su koyi Faransanci. A ɓangarorin biyu kuwa, daga cikin masu buɗe makarantu akwai 'yan mishan na ɗarikar Katolika. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake gudanar da aji a makarantunsu na firamare a ƙasar Katsina, musamman tsakanin shekarun 1950 da farkon 1970, domin malaman yau su ga abin da ya sa yaron aji uku na wancan zamani yake iya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa. An tattara bayanin zaman aji daga hirarraki da tsofaffin malamai da ɗalibai a Funtuwa da Malumfashi da Katsina.

Taƙaitaccen Tarihi

Tun a shekara ta 1711 wasu limaman Katolika biyu na ƙungiyar Faransiskan da suka taso daga Tarabulus ta hanyar Agadas suka iso birnin Katsina, inda suka rasu a wannan shekarar ba tare da sun kafa komai ba. Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Wannan ya sa ilimin boko a Katsina ya shigo ta hannun gwamnati da En'e, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906-1944), wanda a lokacinsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

Katolika sun kafa zango a Arewa a Shendam a 1907. Ta hanyar jirgin ƙasa suka kusanto mu, domin layin dogo ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kuma kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu waɗanda suke bukatar coci da makarantar 'ya'yansu. A 1953 aka keɓe yankin Sakkwato da Katsina aka danƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka, a 1956 kuma sistoci na wannan ƙungiya suka sauka Gusau. Yankin ya zama dayosis na Sakkwato a 1964, da Bishop Edward Lawton a matsayin shugabansa na farko. A watan Oktoba na 2023 marigayi Fafaroma Francis ya cire dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ya jagorance shi. A ƙetaren iyaka, Maraɗi ta samu nata dayosis tun 2001.

Makarantun sun kasu iri biyu. Akwai na cikin gari, a unguwannin baƙi, inda mafi yawan ɗalibai 'ya'yan ma'aikatan jirgi da na kamfanoni ne, kuma Ingilishi ya fi ƙarfi tun daga ƙananan azuzuwa. Akwai kuma na karkara a tsakanin Maguzawa na yankin Malumfashi da Kafur, inda Hausa ce harshen gida da na aji. Jama'a kan kira su duka da makarantun Fada, saboda limamin cocin shi ne manajan makaranta: shi yake ɗaukar malamai, ya biya su albashi, ya kuma zagayo duba aiki.

Daga Ƙararrawar Safe Zuwa Shiga Aji

Ranar makaranta tana farawa kafin ƙarfe takwas. A yawancin makarantun karkara ƙararrawar wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da ake ratayewa a bishiya, monita ya buga shi da guntun ƙarfe. Kowane aji yana da yankinsa na shara, kowane yaro kuma da tsintsiyarsa. Bayan shara sai a yi layi aji-aji, gajeru a gaba dogaye a baya, malamai su bi suna duba farce da haƙora da kai da tsabtar riga. Daga nan a yi addu'ar safe da waƙa, hedimasta ya yi sanarwa, sannan a buga ganga yara su yi maci zuwa azuzuwansu. Wanda ya makara zai tarar da malamin da ke kan aiki yana jiran sa a bakin ƙofa.

Da an zauna sai kiran suna. Rajista abu ne mai girma a wurin malami, domin da ita hukuma take lissafin tallafin da za ta ba makarantar, kuma ita sufeto yake fara nema in ya zo. A bangon aji akwai gicciye a saman baƙin allo, da jadawalin darussa, da jerin sunayen masu shara da masu ɗebo ruwan randa.

Darussan Yini

Darasin farko shi ne na addini, kimanin rabin sa'a. Ana koyar da shi ta hanyar tambaya da amsa daga littafin katikizim: malami ya jefa tambaya, yara su amsa baki ɗaya har ta zauna, sannan ya riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ana haɗawa da labaran Littafi Mai Tsarki, irin su na Annabi Yusufu da na Annabi Musa.

Bayansa sai lissafi, tun kai yana da sanyi. Ana buɗewa da lissafin ka na 'yan mintoci, inda malami yake faɗar tambaya yaro ya ba da amsa ba tare da ya rubuta ba. Yaran aji ɗaya suna zuwa da tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya ko guntayen kara ɗaure goma-goma domin ƙirga. Jadawalin sau ana rera shi ne kamar waƙa daga biyu har sha biyu, kuma akwai dalilin tsayawa a sha biyu: kafin a canza kuɗi zuwa naira da kwabo a Janairun 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya. Yaron da aka tambaya canjin sule biyu bayan an sayi abin sisi da taro, dole ya san sisi kwabo 6 ne, taro kwabo 3, ya ce saura sule ɗaya da taro. Lissafin aji shi ne lissafin kasuwa, shi ya sa iyaye suke ganin amfaninsa tun yaro bai yi nisa ba.

Karatu da rubutu suna farawa da yatsa a kan rairayi, sannan ƙaramin allon hannu da alli, sannan fensir. Sai yaro ya kai manyan azuzuwa ake ba shi alƙalami da tawada, wadda ake zubawa a ɗan kurtun da ke jikin tebur. A makarantun karkara ana fara haɗa baƙi da wasali da Hausa, kuma da yake Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro mai zuwa kullum yakan fara karanta gajerun jimloli kafin shekara ta ƙare. Littattafan Hausa da ake bugawa a Zariya, har da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, suna cikin abin da yaran Arewa suka yi karatu da su a wancan zamani. Ingilishi yana shigowa da baki tukuna: malami ya tashi tsaye ya faɗi abin da yake yi, yara su kwaikwaya su faɗa. Daga baya a zo ga shifta da rubutun insha'i. A manyan azuzuwa akan hana magana da harshen gida a harabar makaranta, wanda aka kama kuwa a hukunta shi.

Wajen ƙarfe goma ake fita tara, yara su ci abin da suka ƙunso ko su sayi ƙosai da gyaɗa a bakin shinge. Da rana ta take, ƙarfe sha biyu daidai, akan buga ƙararrawa kowa ya miƙe a yi gajeruwar addu'ar tsakar rana da Katolika suka saba. Sauran lokacin na kiwon lafiya ne da nazarin halittu da labarin ƙasa da waƙa da motsa jiki.

Aikin Hannu da Gona

Babu makon da zai wuce ba a yi aikin hannu ba. Maza suna tufkar igiya da saƙar tabarma da faifai da ginin yumɓu, mata suna koyon ɗinki da saƙa da girki, musamman inda akwai sista. Ana ba aikin maki kamar yadda ake ba lissafi. Kowace makarantar karkara tana da gona ko lambu, inda kowane aji yake da kunyoyinsa. A nan yaro yake auna tsawon kunya da taku da igiya, ya ƙirga kwanakin tsiro, ya ga bambancin inda aka zuba taki da inda ba a zuba ba.

Abin da Ya Riƙe Tsarin

Tsofaffin malamai sun haɗu a kan cewa abin da ya fi komai tasiri shi ne sa ido. Malami ba ya shiga aji sai hedimasta ya duba shirin darasinsa ya sa hannu. Littafin kowane yaro ana duba shi da jan biro, a sa shi ya sake rubuta abin da ya kuskure. Fada yakan iso a babur ko mota ba tare da sanarwa ba, ya zauna a bencin baya ya saurara, sufeton gwamnati ma yana nan tafe. Malamai da yawa gidajensu suna cikin harabar makaranta, don haka makara ba ta da hujja. A ƙarshen shekara, wadda a lokacin take zuwa a Disamba, ana tara iyaye a karanta sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe, wanda bai ci ba ya maimaita aji. Bayan shekara huɗu ta ƙaramar firamare da uku ta babba, sai jarrabawar shiga sakandare ko kwalejin horon malamai.

Tsarin yana da nasa aibi. Bulala ta yi yawa, har wasu yara suka gudu ba su dawo ba. Hadda takan rinjayi fahimta. Kuɗin makaranta, komai ƙanƙantarsa, ya hana 'ya'yan talakawa da dama. Babban abin da ya sa iyaye Musulmi suka ja baya kuwa shi ne tsoron a sauya wa 'ya'yansu addini, tunda addu'a da katikizim suna cikin jikin jadawalin. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, ya kuma bar wa kowace al'umma damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita take ɗauke da nauyinta.

A Ƙetaren Iyaka

Yaron Ɗan Isa ko Maraɗi yana kiran malaminsa mushe, yana kuma yin shekara shida a firamare. A tsarin da Faransa ta bari, Faransanci ne harshen aji tun ranar farko, a makarantar gwamnati da ta mishan baki ɗaya, sai yaro ya yi ta fama da baƙin harshe da baƙin haruffa a lokaci guda. Makarantun Katolika na Yamai da Damagaram sun yi suna, mafi yawan ɗalibansu kuma 'ya'yan Musulmi ne. Ganin wahalar farawa da baƙon harshe ya sa Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Komawar Makarantu Hannun Hukuma

Dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 ta kafa hukumomin ilimi na yankuna, daga nan makarantun mishan suka fara komawa hannunsu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe malamai da ɗalibai 'yan Kudu daga makarantun cikin gari. Zuwa farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe sauran, aka canza wa da yawa suna. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga yaran da a da ba su da hali, amma ya cika azuzuwa fiye da yawan ƙwararrun malamai. Makarantun da cocin ya buɗe daga baya masu zaman kansu ne, suna bin manhajar gwamnati.

Kammalawa

Idan aka ware darasin addini, wanda na masu shi ne, sauran abubuwan da suka ɗaga wannan aji ba su bukatar kuɗi mai yawa: zuwa a kan lokaci, shirin darasi da aka duba, littafin yaro da aka gyara, fara karatu da harshen da yaro yake ji, da lissafin da ya dace da kasuwar garinsu. Malami a Jibiya yana iya koyar da sau da rabawa ta hanyar canjin naira da sefa, abin da yaransa suke gani kowace ranar kasuwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga hedimastoci su adana tsofaffin rajistoci da littattafan tarihin makarantunsu, dattawan da suka zauna a waɗannan azuzuwa kuma su ba da labarinsu a rubuta tun suna da rai. Allah ya sa mu dace.