Ciwon Muƙamuƙi a Adar: Wanda Ake Jinya a Gida da Wanda Ake Gudu da Shi Tawa

Mutum uku na iya shiga gidan likita na Kalfu da safe ɗaya, kowa ya dafe kunci yana cewa muƙamuƙi ke damunsa, alhali cutarsu uku ce. Na farko matauninsa ne ya ruɓe. Na biyu gaɓar da ke gaban kunnensa ce ta gaji. Na uku, wanda ƙila shi ya fi su ƙarancin raki, ya kamata a ce daren nan a babban asibitin jiha na Tawa zai kwana. Sau da yawa dukansu sun riga sun biya ta wajen mai tallar magani a kasuwa, ya ƙirga musu ƙwayoyi iri ɗaya.

Ba laifinsu ba ne idan sun kasa nuna inda ciwon yake. Babbar jijiya guda ce ke kai saƙon haƙora, dasashi, tsokar tauna da wani sashe na kunne zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa haƙorin ƙasa ke ruɓewa mutum ya yi ta ɗiga magani a kunne.

Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki. Abin da ka ji yana motsi shi ne mahaɗin muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Yana juyawa, yana kuma zamewa gaba, a tsakiyarsa akwai ɗan guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Ba ya hutawa: magana, hamma, goro, aya, rake, kilishi, duk a kansa suke. Wasu kuma suna cije haƙora cikin barci ba su sani ba, musamman idan rai ya yi nauyi, bashi ya taru ko maigida ya tafi cin rani Abijan an daɗe ba aike. Da safe sai a tashi kunci ya ɗaure, kai na sara ta gefe. Irin wannan ya fi kama mata, kuma galibi yakan lafa cikin makonni ba tare da tiyata ba. Abin da yake so shi ne hutu: a koma kunu, fura da tuwo mai laushi, a ajiye goro, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a tallafe haɓa in za a yi hamma. Farasitamol ya isa. Ibuprofen ma yana aiki, amma mai ciki da mai gyambon ciki su guje shi. Ƙarar “ƙas” da gaɓar ke yi, in babu zafi tare da ita, ba abin tashin hankali ba ce. Taramol kuwa, da samari ke haɗiya kamar gyaɗa, ba shi da gurbi a nan ko kaɗan.

Haƙori lamarinsa daban. Kanumfari na kashe raɗaɗi na ɗan lokaci, gaskiya ne, sai dai kogon yana nan yana ƙara zurfi. Asfirin da ake dannawa a dasashi ƙona naman yake yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya guda biyu ko uku a tire yakan kwantar da kumburi ya bar tushen ciwon. Ruɓaɓɓen haƙori sai likitan haƙori ya cike shi ko ya cire shi, kuma ga mutumin Kalfu hakan na nufin tafiya Tawa. Wanzami gwani ne a fagensa, amma cire matauni da kayan da ba a dafa ba ya fi ƙarfin fagen nan.

Akwai awo mai sauƙi da kowa zai iya yi. Baki lafiyayye yana ɗaukar yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Idan biyu ma sun ƙi shiga, ga zazzaɓi, ga kumburi yana gangarowa ƙarƙashin haɓa, yawu ya ƙi haɗiyuwa, to mugunya ta bi ƙarƙashin harshe kuma tana iya toshe numfashi cikin sa'o'i. Wannan ba a jira masa ranar kasuwa. Haka nan muƙamuƙin da ya sandare kwanaki bayan ƙaya ko ƙarfe ya soki mutum a gona: sarƙe-haƙora ke nan har sai likita ya ce ba ita ba ce. Wanda ya faɗo daga kabu-kabu ya ga haƙoransa sun daina haɗuwa yadda suka saba, hoton ƙashi yake buƙata kafin maɗori ya taɓa shi. Dattijon da ciwon ke taso masa daga ƙirji zuwa muƙamuƙi in ya yi aikin ƙarfi, da gumi da haki, zuciyarsa za a duba.

Yara ne inda jinkiri ya fi tsada. Uwa ta ga kunci ya kumbura ta ce hangum ne, kuma sau da yawa ta yi daidai, zai wuce da kansa. Amma kumburin da ke ta girma cikin makonni yana girgiɗa haƙora na iya zama kansar nan da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wadda ke jin magani idan an kama ta da wuri. Sai noma, cutar da ke cin fuska. Takan kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana, ta fara da dasashi mai jini da warin baki. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki na iya tsayar da ita. In an bar ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe har kashi 90 cikin 100. Tun 2006 Nijar ta ayyana duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta a asibitocin gwamnati. Magani kan yanke, kowa ya sani, amma buɗe bakin yaro a leƙa da fitila ba ya jiran kwalin magani.

Waɗanda suka tsira daga noma sukan rage da tabon da ke ɗaure muƙamuƙi, wani ma sai ta ƴar kafa yake zuƙar kunu. Su ma akwai inda ake kai su. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan tana da cibiya a Damagaram, a Sakkwato kuma akwai asibitin noma da aka buɗe a 1999, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke taimakawa tun 2014. A Disambar 2023 hukumar ta duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Bayan tiyatar sakin muƙamuƙi, yaro kan shafe watanni yana atisayen buɗe baki kullum, in ba haka ba tabon ya sake ɗaurewa, don haka iyaye su tambayi ranar komawa kafin su bar asibiti.