Rijiya da Masai: Ruwan Sha a Kudancin Kaduna

Kudancin Jihar Kaduna ƙasa ce mai yawan ruwan sama. A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, damina takan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Duk da haka, samun ruwan sha mai tsabta yana yi wa jama'a wuya.

A unguwanni masu cunkoso irin su Sabon Tasha, da ke kudu da birnin Kaduna, gidaje da yawa sun dogara ne da rijiya, ko rijiyar burtsatse, ko 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki a kura. A ƙauyuka kuwa, mata da yara ne suke sammako zuwa rafi. Da rani ya tsananta, rijiyoyi sukan ƙafe, farashin jarka ya tashi, ɗalibai su makara zuwa makaranta saboda neman ruwa.

Damina ma tana da nata haɗarin. Idan aka haƙa masai kusa da rijiya, ƙazanta takan bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan. Inda mutane suke bahaya a fili kuma, ruwan sama yakan kwashe ƙazantar ya zuba a rafi. Ruwan yana iya zama garau a ido, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko na taifot. Ƙananan yara ne suka fi galabaita, domin amai da gudawa suna saurin ƙarar da ruwan jikinsu.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a daina ajiye guga a ƙasa. A tafasa ruwan sha, a rufe randa, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida.

Irin waɗannan ƙananan matakai sun taɓa yin babban aiki. A da, cutar kurkunu ta addabi ƙauyukan Nijeriya, tana hana manoma zuwa gona. Jama'a suka koyi tace ruwa da ƙyalle, aka kuma haƙa rijiyoyi masu tsabta. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da cutar.

Tambayoyi
1. A waɗanne watanni ake damina a Kafanchan?
2. Ta yaya ƙazanta take shiga rijiya?
3. Me ya sa gudawa ta fi cutar da yara?
4. Daga ina gidanku yake samun ruwan sha? Rubuta jimla biyar a kan yadda kuke kiyaye shi.