Dokin Barno: Kowane Aiki da Irin Dokinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Shehun Barno ranar hawan Sallah ya ga irin dokin da sarauta ke so: ingarma dogo, mai faɗin ƙirji, wanda zai ɗauki mahayi da lifidi da kayan ado bai gaza ba, kuma ƙarar bindiga da algaita ba za su firgita shi ba. Wannan jini ba jiya ya samu ba. Tun ƙarni na 16 sarakunan Barno ke sayo dawaki daga arewacin Afirka ta hanyar Sahara, kuma a 1823 Baturen nan Denham ya tarar da barade cikin sulke a Kukawa. Masana na danganta dokin Barno da jinin Dongola na Sudan, mai dogayen ƙafafu da hanci a ɗan lanƙwashe.

Amma dokin hawa daban, na wasa daban. Dokin sukuwa na buƙatar jiki mara nauyi, da dogon taku, da zurfin ƙirji don numfashi. Na folo kuwa aikinsa ya fi wuya. Cikin kusan minti 7 na kowane zagaye zai zabura, ya ja birki, ya juya a wuri guda, ya kai wa ɗan'uwansa kafaɗa, alhali mahayin na riƙe da linzami da hannu ɗaya. Sai gajeren baya, da cinyoyi masu ƙarfi, da baki mai laushi. Ka ɗora wa dogon ingarma wannan aiki, gwiwoyinsa da agararsa ne za su biya.

Mutanen Ajantina sun gane haka. Sun haɗa dokinsu na karkara mai juriya da na tseren Ingila, suna rubuta asalin kowane duƙushi, kuma yawancin gwanayensu a fili goɗiyoyi ne. Shi ya sa 'yan folon Kaduna da Kano da Katsina ke zuba maƙudan kuɗi su sayo daga can.

Mu a nan ingarma muke darajawa, goɗiya a bar ta a ƙauye ba mai tambayar uwarta. Abin takaici ne, domin rabin jinin daga gare ta yake, ita ce kuma ke ɗaukar ciki wata 11. Ga rikicin Boko Haram ya tarwatsa makiyayan Shuwa da na Barebari, har a 2015 sojoji suka hana hawan doki a jihar.

Maiduguri na da tsangayar likitancin dabbobi a jami'arta, da fada mai son doki, da unguwa guda da ake kira Polo. Masu hali su tanadi goɗiyoyi nagari, a buɗe rajistar asali, kuma kafin a yi barbara a tambayi aikin da duƙushin zai yi.